Rigar Kwalbar Inna

Duk wanda ya san ƙanwata Zorka ya san ba a ajiye kwalba a gabanta a juya baya. Kafin ka waiwayo ta ɗauke ta, ta kifa, tana leƙen gindinta. Ba abin ciki ne ya dame ta ba. Shekarunta saba'in da ɗaya, kuma giyar da ta sha duk tsawon rayuwarta ba za ta cika kofin shayi biyu ba. Gindin kawai take son gani. Ta yi a gidan biki, ta yi a gidan mutuwa, har a falon Fada, limamin cocinmu, ta taɓa yi, ranar da muka je maganar baftismar jikarta. Mijinta Marinko yakan ce wa mutane, "Ku yi haƙuri da ita. Ni ma ranar da na je neman aurenta sai da ta kifa ni ta duba."

Abin yana da dalili, kuma dalilin Innarmu ce.

A ƙauyenmu, can bayan Zadar, lokacin da muke yara babu gidan da ba shi da abu biyu: bishiyar maraska a bayan gida, da tulin kwalabe a tsakar gida. In zafi ya shigo maza su tsinke 'ya'yan, baƙaƙe ƙanana masu tsami, su haɗa da ganyen, a kai kamfani a birni. Can ake yin giyar maraskino, fara tas kamar ruwa. Aikin mata kuwa shi ne yi wa kwalba riga. Kwalbar koriya ce mai kusurwa huɗu, kuma tafiyarta nesa ce a jirgin ruwa, in ba riga sai ta fashe a hanya. Ran Litinin motar kamfani ta sauke akwatunan kwalabe tsirara, ran Asabar ta dawo ta kwashe su da sutura.

Inna, Perka sunanta, a dakalin ƙofa take zama, ƙarƙashin ɓaure, daro a gabanta cike da ruwa, ciyawar tafkin Vrana tana jiƙa a ciki. Hannunta kullum a yamutse kamar na mai wanki. Daga gindi ake fara saƙa, a zagaya a zagaya har wuya. Kuma a gindin nan kowace mace take sa alamarta, don in riga ta warware a san wadda za a kira. Teta Manda, wato Goggo Manda, maƙwabciyarmu, ƙulli uku take yi a jere. Wata tana barin ɗan rami kamar idon kifi. Inna kuwa sili ɗaya take rinawa da ɓawon maraska, ya yi ja, ta ratsa shi a zagaye na uku. Amma ko ba jan nan ba a ɓatar da aikinta, don bahaguwa ce. Saƙar kowa tana bin dama, tata tana bin hagu.

Ranar da mai duba aiki ya fara gani, ya juya kwalbar ya sake juyawa, ya ce, "Perka, wannan ai baya-baya take tafiya."

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Wanda ya sha abin ciki ma baya-baya zai tafi. Sai su tafi tare."

Ya ajiye kwalbar ya wuce.

Zorka tana da shekara bakwai ta ja 'yar kujera ta zauna gefen Inna. Ni an riga an fid da rai da ni, hannuna na fartanya ne. Inna ta ce, "Tashi daga nan. Ke ba bahaguwa ba ce, in kin zauna gefena za ki rikice. Zauna gabana, ki yi abin da kika gani." Haka ta koya, fuska da fuska, kamar mai kallon madubi. Inna ta ɗaga hagu, ita ta ɗaga dama. Kafin ta kai goma sha biyu tana gama kwalba ashirin a wuni, yatsunta suna gudu kamar ba nata ba. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da aka ba ta damar alama, sai ta sa jan sili biyu, na Inna ɗaya, nata ɗaya.

Akwai wani abu da Inna ta koya mata wanda sauran mata ba su yi. Su in sun kai wuya sai su ƙulle su yanke, shi ke nan. Inna ba ta ƙulli. Silin ƙarshe sai ta soke shi ƙarƙashin saƙa sau uku, ta ɓoye bakinsa. Yana cin lokaci, kuma ba wanda zai gode mata. Zorka ta taɓa ƙorafi, ta ce, "Inna, wa zai gani?" Inna ta ce, "Rigar da ba a iya cirewa likkafani ce. Ni ba likkafani nake saƙawa ba."

Suna aiki tana ba mu labarin inda kwalaben suke zuwa, ita da ko Zagreb, babban birninmu, ba ta taɓa takawa ba. Teburin sarakuna. Jiragen ruwa masu fitilu kamar gari. Mata masu safar hannu har gwiwar hannu, suna kurɓa daga kofi ɗan mitsitsi. "Yanzu haka," in ji ta, "wata mai zoben zinariya tana shafa aikina, ba ta san da albasa na kama shi ba." Mu yi ta dariya. Mu kanmu ba mu san ɗanɗanon abin ba. Duk Kirsimeti kamfani yakan ba kowace mace 'yar ƙaramar kwalba, tsirara ma, don rowa. Inna ta yi mata riga ta aika wa likita, ko Fada, ko malamin makaranta. Ko ɗaya ba ta taɓa kwana biyu a gidanmu ba.

Zorka ta yi aure tana da ashirin. Marinko a lokacin kifi yake kamawa, daga baya ya koma tuƙin bas, bakinsa dai bai canza ba. Ba ta yi nisa ba, gida uku ne tsakani, kullum da safe ta ɗauko daronta ta dawo gaban Inna. Nan ta yi goyon 'yarta Nevenka, kwalba a hannu, jaririya a cinya. Inna ta rasu da sanyin shekarar alif ɗari tara da tamanin da tara, ta bar kwalba ɗaya rabi, riga ta kai ƙugu ta tsaya. Zorka ta hana a ƙarasa. Ta ɗora ta a kan kantar ɗaki kusa da hoton Inna, hoto ɗaya tilo da muke da shi, wanda aka ɗauka ranar bikina.

Bayan shekara biyu yaƙi ya zo. Mun fita a bayan tarakta, da kayan jikinmu da burodi biyu, don an ce kwana uku za mu dawo. Shekara huɗu muka yi a ɗakin otal a bakin teku, mu shida, muna dafa wake a kan risho a ɓoye. Da muka koma bango kawai muka tarar, baƙi ƙirin. Ba hoto, ba daro, ba kujera, ba rabin kwalba. Ɓauren ma ya ƙone. Ba zan tsaya kan wa ya yi ba, ba labarinsu nake bayarwa ba.

Dakalin dai yana nan, dutse ba ya cin wuta. Zorka ta zauna a kai tana shafa shi. Can ta ce, "Yaya, Inna ta yi shekara talatin da biyar tana saƙa. Duk ranar Allah. Ba za a ce duk sun fashe ba."

Na ce, "To?"

Ta ce, "Ɗaya kawai nake so. Abin da hannunta ya taɓa, ɗaya."

Daga ranar ta fara kifa kwalba.

An sake gina gida, an dasa sabuwar maraska, motar kamfani ta dawo, Zorka ta ci gaba da saƙa har ranar da motar ta daina zuwa ƙauyenmu. Ragowar ciyawa ta ɗaure ta jefa a ɗakin sama. Amma neman bai tsaya ba. Kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi, kabad ɗin surukai, gidan duk tsohon da ya mutu aka zo rabon kaya. Duk ɗan ƙauyenmu da zai tafi aikin jirgi sai ta tare shi a hanya da busasshen ɓaure a leda: "In ka ga koriyar kwalba mai riga, ka duba mini gindinta." Su ce to, su cinye ɓauren. Wa yake ajiye kwalba in ta ƙare? Masu zoben zinariya a shara suke jefawa.

Sau ɗaya ta yi kusa. A wani gida a tsibirin Ugljan ta kifa wata da aka mayar ta man zaitun, ta ga ƙulli uku a jere. Teta Manda ce. Ta roƙa aka ba ta, ta kawo wa babbar 'yar Manda, suka rungume juna suka yi kuka. Ta dawo gida ta ƙi cin abinci kwana biyu. Marinko ya gasa mata kifi, ya zauna gabanta yana ci da ƙara don ta ji haushi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Bara likita ya ce farar yana ta fara rufe mata ido, na dama ya fi. Ranar da muka dawo daga asibiti, a cikin bas, ta kama hannuna ta ce, "Yaya, fuskar Inna ta fara ɓace mini. In na rufe ido hannu kawai nake gani. In idon nan ya tafi, ko na same ta ba zan gane ba."

Na ce, "Rufe mana baki, ke da za ki ga jikan jika." Amma ban saki hannunta ba har muka sauka.

To bana, bayan Ista, Nevenka ta ce lallai sai mun zo Opatija. Ita ce shugabar masu gyaran ɗaki a wani babban tsohon otal a can, shekara ashirin tana wurin, ba mu taɓa zuwa ba. Marinko ya ɗauko mu a tsohuwar motarsa, yana zagin duk wanda ya wuce shi. Da la'asar Nevenka ta ce mu shiga mashayar otal mu sha gahawa kamar mutane. A bakin ƙofa ta tsaya ta kalli uwarta.

"Mama, don Allah don girman Maryama, hannu a aljihu."

"Ni yarinya ce?"

Ta juyo wajena. "Teta Vinka, ki sa mata ido."

Na ce to.

Wurin kamar coci. Kanta ta farin dutse mai santsi, madubi har rufi, kwalabe jere-jere, mai ruwan zuma, mai shuɗi, mai kore, fitila tana haska su ta baya. Wasu baƙi biyu suna zaune da wani abin sha mai ƙanƙara guda kamar dunƙulen hannu, da fure a kai, da reshen ganye. Marinko ya leƙa ya ce, "Wannan sha ake yi ko ban-ruwa?" Nevenka ta taka masa ƙafa.

Mai haɗa abin shan dattijo ne, farar riga, gashin baki a murɗe. Barba Nino ake ce masa, wato Kawu Nino, shekara talatin da biyar yana bayan kantar nan. Yana girgiza gwangwanin azurfa kusa da kunne kamar mai sauraron gulma. Da ya ji daga ina muke sai fuskarsa ta washe.

"Bayan Zadar? Ƙasar maraska! Ku ne iyayen gidana ai. Rabin abin da nake haɗawa a nan, in ba cokali ɗaya na maraskino, ruwan wanki ne. Tsaya ku ga wani abu."

Ya taka tsani, ya sauko da ita daga can ƙololuwa, yana riƙe da ita da hannu biyu kamar jariri ranar baftisma. Koriya, mai kusurwa huɗu, rigarta ta yi launin tsohuwar zuma. Ya ce a ɗakin ƙasa aka tsince ta lokacin gyara, ta fi shekara sittin. Ya ce ɗan kofi guda daga cikinta ya fi ɗan rago tsada, kuma a shekara bai fi mutum biyar yake zuba wa ba. Ya ajiye ta a kan kanta. Ya zare murfin a hankali don mu ji ƙamshi. Sannan, bawan Allah, ya juya baya zai ɗauko tsumma.

Ni aka ce in sa ido, kuma na sa, amma a kan wani kek nake sa shi.

"Mama, kada—"

Ina! Sabo turken wawa. Kwalba ta riga ta kalli ƙasa. Ɓul-ɓul-ɓul, abin shekara sittin yana malala a kan farin dutse, yana gangarowa kan takalmin Marinko. Ƙamshi ya cika wurin, kamar an buɗe ƙofar bayan gidanmu a tsakiyar tsinka. Barba Nino ya yi wani tsalle da ban zaci dattijo zai iya ba, ya toshe bakin kwalbar da tafin hannu daga ƙasa. Shi yana riƙe da baki, ita tana riƙe da gindi, ba mai niyyar saki.

"Baiwar Allah! Kin san abin da kika zubar? Saki! Saki nake cewa!"

Nevenka ta rufe fuska da hannu biyu. Marinko ya dubi takalminsa ya ce, "Yau ƙafata ta fi ni daraja."

Zorka ba ta ji ko ɗaya ba. Ba kallo ma take yi ba, idonta a rufe. Babban yatsanta ne yake bin saƙar, yana zagayawa a hankali. Ta hagu yake bi.

"Yaya," ta ce, murya can ƙasa. "Zo ki taɓa."

Na kai hannu. Ni da ban iya saƙa ba, amma na yi shekara goma sha takwas ina kwasar kwalaben nan ina jerawa a akwati. Baya-baya take tafiya. A zagaye na uku ga sili ɗaya, jan ya koma kamar busasshen jini, amma yana nan.

"Inna ce," in ji Zorka.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, a cikin giyar.

Da ƙyar aka miƙar da kwalbar aka mayar da murfi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Nevenka ce ta yi wa Barba Nino bayani, tana yi tana ba shi haƙuri. Ya saurara yana goge kanta, ya goge inda ya riga ya goge. Da ta kai kan gidan da ya ƙone sai hannunsa ya tsaya.

Zorka ta ce, "Barba, ka ba ni ita."

"Ba tawa ba ce, uwargida. Ta gidan ce. Ko tawa ce, da saura a ciki."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Marinko. "Kawo kofi."

"Kai kuma sayar da motarka tukuna, a ɗiga maka a harshe."

"Ba kwalbar nake so ba," in ji Zorka. "Ba ruwana da abin ciki. Rigar kawai."

Ya girgiza kai. Ya ce in an yanka rigar ta lalace, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko. Kuma baƙi tsufan nan suke saye da ido kafin su saya da baki. Kwalba tsirara ai ta ruwan tsami ce, wa zai kalle ta?

Yana magana yatsun Zorka suna yawo a jikin kwalbar. Da suka kai kafaɗa suka tsaya cak. Ta buɗe ido.

"Wa ya sa mata gam?"

Barba Nino ya yi tari.

"Tambayarka nake. Wa ya shafa wa aikin uwata gam kamar takalmin roba?"

"Ta fara zarewa ne ta nan, sai na ɗan..."

"Ka ɗan! Ciyawa tana son ruwa, kai ka ba ta gam. Nan da shekara biyu kafaɗar nan za ta karye gaba ɗaya, sai ka sayar musu da tsufan a faranti. Dattijo da kai, da gashin baki!"

Wallahi sai ga mutumin da aka zubar wa dukiya yana sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri.

Nan ta faɗa masa abin da za a yi. Ba yanka. Za ta cire rigar lafiya lau, ta saƙa masa wata a gabansa. Ya ce sabuwa ai za ta yi fari, kowa zai gane. Ta ce tana da ciyawa a ɗakin sama da ta shekara goma sha biyar tana jira, launinta ɗaya da wannan. Ta juya ta kalli Marinko.

"Awa uku ne fa zuwa, tsohuwa."

"To me kake jira?"

Barba Nino ya daɗe yana murɗa gashin baki. Ya ce uwarsa ma a otal ɗin nan ta ƙare rayuwarta, tana gugar zanen gado, kuma ko hankici ɗaya da ta goge ba shi da shi. Ya ce, "Na yarda. Amma in ta karye a hannunki, kin rasa, na rasa." Nevenka ta tambaye shi zancen abin da ya zuba. Ya ce, "Shekara talatin da biyar ban taɓa zubar da ɗigo ba. Zan ce hannuna ne ya yi rawa. Sau ɗaya dai tsufa ya yi mini rana."

Washegari da hantsi, kafin baƙi su sauko, aka kawo daro da ruwan ɗumi aka ɗora a kan farar kantar nan. Marinko ya iso da damin ciyawa a kafaɗa, ido jajir, ya ratsa ta gaban masu tsaron ƙofa kamar mai kai wa akuya abinci. Barba Nino ya fara nasa aikin: da tururin injin gahawa da siririyar wuƙa ya ɗaga takardar sunan da ke manne a jikin rigar, ko kusurwa bai yaga ba. Zorka ta ce, "Ashe kana da hannu." Ya ji daɗi har kunnensa ya yi ja.

Sai nata. Ta jiƙa tsumma ta naɗe wuyan kwalbar, ta jira. Ta sake jiƙawa, ta sake jira. Ciyawar shekara sittin kamar ƙashin kifi take, in ka matsa ta karye. Ta sa farce tana neman bakin silin ƙarshe. Ta zagaya sau ɗaya, babu. Sau biyu, babu. Na ga gumi a goshinta. Tsorona ɗaya: kada a ce ranar Inna tana sauri, mota tana jira, ta ƙulle ta yanke kamar kowa.

"Babu, Yaya," ta ce. "Ba na jin sa."

Duk muka matso kusa. Har Marinko.

Ta ajiye hannu a cinya. Can sai ta yi ɗan murmushi, ta ce, "Ni ce wawiya. Da dama nake neman aikin bahaguwa." Ta mayar da kwalbar hannun dama, ta kai hagu wuya. Hannun da ba ta taɓa aiki da shi ba. Farce ya shiga, ya ɗago wani ɗan baki kamar gashin gira.

Ta zare. Ɗaya. Ta ɗiga ruwa. Biyu. Uku.

Wuyan ya saki. Ta kama kwalbar ta sama, ta murɗa ta hagu kaɗan-kaɗan, rigar ta sulluɓe kamar safa. Ta ajiye ta a kan kanta, ta tsaya da kanta, kusurwa huɗu, ba komai a ciki.

Barba Nino ya yi alamar gicciye. Ni kuwa guɗa na saki, a cikin otal ɗin masu kuɗi, har wani ya leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

Sabuwar ta ɗauke ta awa biyu, abin da a da take yi kafin ruwa ya tafasa. Yatsun sun yi tauri amma ba su manta ba. Ta zaro jan sili biyu daga cikin damin ta ratsa a zagaye na uku. A wuya ta soke sau uku ta ɓoye baki. Ta miƙa masa ta ce, "Ruwa, ba gam ba. Sau ɗaya a shekara, da tsumma."

Ya mayar da takarda, ya ɗaga kwalbar a haske, ya juya ta. Sannan ya jera ƙananan kofuna biyar, ya ɗiga wa kowa. Ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, na Perka ne. Zorka ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Muna jira.

"Ashe abin da muka yi ta yi wa riga ke nan," ta ce. "Sukari ya yi yawa."

A hanyar dawowa rigar tana cinyarta a cikin kwalin takalmi. Ba ta bari an sa a bayan mota ba. Wajen Senj, inda hanya take bin bakin teku, ta buɗe kwalin ta sa yatsa a wuya, ta ce, "Yaya, kin tuna Inna tana cije leɓe in ta zo nan? Ta gefen hagu. Har haƙorin nan nata mai ɗan karyewa yana fitowa."

Na tuna. Na gan ta sarai, da ɗankwalinta, da inuwar ɓaure a fuskarta. Marinko ya ce iska ce take sa masa hawaye, alhali gilashi a rufe yake.

Rigar tana kan kanta yanzu, inda hoton yake da. Ba a sa mata kwalba ba. Duk wanda ya shigo sai an nuna masa gindin, ko yana so ko ba ya so, har mai karanta mitar wuta bai tsira ba.

Ran Lahadin da ta wuce muka je cin abinci gidan wasu dangin Marinko. Aka kawo wata tsohuwar kwalba mai riga aka ajiye a tebur. Marinko ya ƙyafta mini ido, ya ce, "Yau dai za mu ci abinci lafiya." Bai rufe baki ba ta ɗauka. Ta dai duba murfi tukuna, wannan ta koya. Sannan ta kifa.

"Tsohuwa! Yanzu kuma wa kike nema?"

"Teta Manda 'ya'ya biyu ta bari," in ji Zorka, yatsa yana zagaya gindi. "Kwalba ɗaya na samo musu."